Mu Je Gashaka-Gumti, Amma Mu Je da Ladabin Baƙunta

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, wanda aka yi a cikin birnin Kano)



Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena, da kuma 'yan ajinmu waɗanda na hango can baya sun haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar yadda suka saba tun muna aji uku, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Kamar yadda kuka sani, an kawo shawara a taron da ya wuce cewa ƙungiya ta ɗauki nauyin kai wasu daga cikin ɗaliban ajin ƙarshe yawon buɗe ido a wajen Jihar Kano. Shawarar ta sami karɓuwa, sai dai ba a tsai da wurin zuwa ba. Kwamitin shirya taro ya ce in yi bayani a kan Gandun Dajin Gashaka-Gumti, saboda aikin ofis ya taɓa kai ni Jihar Taraba, na kuma sami zarafin shiga dajin na kwana biyar. To, zan faɗi abin da wurin yake, zan kuma daɗe a kan abin da ya fi damuna, watau yadda za mu shiga cikinsa idan Allah ya kai mu. Dalili kuwa, mota cike da samari 'yan birni tana iya yin ɓarnar da ba ta yi niyya ba a cikin yini ɗaya.

Mu 'yan cikin badala, in an ce dutse, Dala muka sani sai Goron Dutse. Ƙololuwar Dala tana da tsayin mita 534 daga doron teku, kuma galibin wannan tsayi na ƙasar Kano ne kanta, dutsen ɗan ƙari ya yi a kai. To, a cikin Gashaka-Gumti akwai dutsen da ake kira Chappal Waddi, wasu su ce Gangirwal, a kan iyakarmu da Kamaru. Tsayinsa mita 2,419 ne, kuma duk Nijeriya babu inda ya kai shi tudu. Malaminmu na labarin ƙasa yana nan zaune, shi ya koya mana cewa duk mita dubu da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da kamar digiri shida. A aji mun rubuta wannan ne don mu ci jarrabawa. A kan waɗannan duwatsu mutum yana jinsa a haƙoransa da asuba.

Gandun yana kwance a jihohi biyu. Ɓangaren arewa, watau Gumti, yana wajen Toungo a Jihar Adamawa. Ɓangaren kudu, watau Gashaka, yana Jihar Taraba, yana kuma jingine da tsaunin Mambila. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na Jihar Kano ke nan, kuma ya fi Jihar Legas girma nesa ba kusa ba. Shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Gwamnatin Tarayya. Tun 1972 aka keɓe Gashaka da Gumti a matsayin wuraren da aka hana farauta, sa'an nan a 1991 aka haɗe su aka mai da su gandun daji na ƙasa. A wannan shekarar ce kuma aka yanke Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, a rana ɗaya da aka yanke mana Jigawa.

Wani abin da ya kamata ɗalibai su sani kafin su taka wurin shi ne, wannan yanki bai kasance cikin Nijeriya ba lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960. Jamusawa ne suka fara mallakarsa a matsayin wani ɓangare na Kamaru, har yanzu akwai kufan sansaninsu a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingilishi a matsayin amana. Sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi su shigo Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Watau dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar nan, ƙuri'a ce ta ba mu shi.

Hanya kuwa, kada wanda ya yaudare ku, tana da nisa. Daga Kano a bi ta Gombe, a sauka Numan, a nufi Jalingo, a kwana. Kashegari a bi ta Bali zuwa Serti, inda hedkwatar gandun take, inda kuma fadar Lamɗo Gashaka take. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka kwalta ta ƙare, sai mota mai ƙarfi, sai tsallake rafuka. Ruwan saman da ake yi a kurmin wurin ya kusa ninka na Kano, saboda haka da damina hanya takan yanke. Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Masu son hawa Chappal Waddi sukan zaga ta kan Mambila ne, ta wajen Nguroje, kuma tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Wannan ban ba da shawarar a kai yara ba a karon farko.

Abin da ya sa wurin ya bambanta da sauran dazuzzukanmu shi ne, daji iri uku ne a wuri ɗaya. Can arewa wajen Gumti dawa ce irin wadda muka sani, doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Idan aka gangaro kudu sai kwazazzabai masu zurfi cike da kurmi, itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Idan kuma aka hau can bisa sai a fito fili, gajeriyar ciyawa da iska da hazo, da shanun Fulani suna kiwo. Daga waɗannan duwatsu ne rafuka irin su Mayo Kam da Gamgam suke ɓuɓɓugowa, su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Kurmin yana riƙe ruwan damina kamar soso, yana sakinsa a hankali har cikin rani. Masunci a Ibi ko Makurɗi wanda bai taɓa jin sunan Chappal Waddi ba, da ruwansa yake cin abinci.

Namun dajin da ke ciki suna da yawa. Akwai ɓauna, da gwambaza, da mazo, da gada, da gadar dutse wadda ke tsayawa a kan ɗan tsinin dutse kamar an dasa ta. Akwai aladen daji, da damisa wadda sai dai a ga sawunta, da dorina da kada a cikin Mayo Kam. Tsuntsaye an ƙidaya fiye da iri 500. Birai kuwa, akwai kirka, da bika, da wani baƙi mai dogon farin gashi a kafaɗa kamar ya yafa alkyabba. Dattawan wurin suna ba da labarin yadda annobar bushiya ta 1983 zuwa 1984, wadda iyayenmu makiyaya ba su manta da ita ba, ta tsallaka daga shanu ta kashe ɓauna ba iyaka. Wannan ya nuna cewa abin da ya sami garke yana samun daji.

Amma wanda ya fi jawo hankalin duniya zuwa Gashaka shi ne dabbar da mutanen wurin suke kira biri mai ganga, wadda Turawa ke ce wa cimfanzi. An sa masa wannan suna ne saboda yakan sami gindin babbar itaciya mai faffaɗan saiwa ya yi ta duka da hannu da ƙafa, ƙarar tana ratsa kurmi kamar ana kiɗan ganga a wani ƙauye. Irin wanda ke Gashaka, a Nijeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, kuma ƙiyasin masana bai kai dubu goma ba a duk duniya. Gashaka tana cikin manyan mafakarsa da suka rage. Tun shekarar 2000 wani malamin jami'ar Landan mai suna Volker Sommer ya kafa sansanin bincike a Kwano, cikin kurmi, inda ɗaliban Nijeriya da na waje suka yi ta nazarin halayensa. Sun tarar yana karyo tsinke, ya gyara shi, ya zura a ramin zuma ya lasa. Yana sa sanda a jerin kwarkwasa, in sun hau ya suɗe. Kowace yamma yana lanƙwasa rassa ya yi wa kansa shimfiɗa a bisa itace, gobe kuma ya yi sabuwa a wani wuri. Uwa takan goyi ɗanta shekara huɗu zuwa biyar kafin ta sake haihuwa, kun ga ke nan in an kashe guda, maye gurbinsa ba abu ne na yau da gobe ba. Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum. Wanda ya ga shimfiɗar nan a bisa itace ba zai ƙara ɗaukar maganar wasa ba.

Gara in gaya muku tun yanzu, mai yiwuwa ne ɗalibanmu su je su dawo ba su ga biri mai ganga da idonsu ba. Ni kaina gangarsa na ji da sassafe, na ga shimfiɗarsa, na ga tsinken da ya yar. Gashaka ba Gidan Zu ba ce, inda dabba take cikin keji tana jiran mai tikiti. Wannan shi ne abin farko da za a cusa wa yara a zuciya kafin a tashi, domin yaron da ya je da tunanin an yi masa alkawarin ganin dabba, in bai gani ba zai fara jifa cikin duhuwa don wani abu ya fito.

To, a nan ne na zo ga batun ladabi. Mu Kanawa mun san haƙƙin baƙo, mun kuma san haƙƙin mai gida. Ba ka shiga zauren mutum da ihu, ba ka buɗe masa tukunya, ba ka zubar masa da shara a tsakar gida. A Gashaka mu ne baƙi. Ba a shiga sai da izinin ofishin gandun, ba a tafiya sai da ma'aikacin gandun daji a gaba, kuma abin da ya ce shi ne magana ta ƙarshe, ko da a cikinmu akwai darakta. A biya kuɗin shiga, a karɓi rasit. Wannan kam a matsayina na ma'aikacin gwamnati na faɗa, don na san inda kuɗin da ba shi da rasit yake kwana.

Shiru shi ne rabin ganin daji. Dabba tana jin mutum tun kafin ya hango ta. Rediyo da kiɗan waya a bar su a masauki, tufafi a sa masu duhun launi, turare mai ƙarfi a ajiye shi sai an dawo. Na san wannan zai yi wa 'yan ajinmu wuya, musamman waɗanda aka sha fitarwa daga ɗakin karatu saboda surutu, amma dai a gwada.

Abin da na fi so a ja kunne a kansa shi ne ba dabba abinci. Mutum yana ganin alheri yake yi idan ya jefa wa biri ayaba ko biskit. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya ga ƙarshen wannan alheri: bika ya saba da abincin mutane har ya zama ɗan fashi, yana fizge leda a hannun mata, yana shiga ɗaki in an bar taga a buɗe. Ba haka Allah ya halicce shi ba, baƙi ne suka koya masa. Kuma ranar da ya ciji yaro, shi za a harbe. Har masana sun taɓa faɗawa wannan rami. A Gombe ta ƙasar Tanzaniya, ba Gombenmu ba, inda Jane Goodall ta fara nazarin biri mai ganga a 1960, an riƙa ajiye musu ayaba don su matso kusa. Abin ya jawo faɗa tsakaninsu, da kuma tsakaninsu da bika, har daga baya aka daina. Idan waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan aiki sun ga illar abin sun bari, mu da muka je kwana uku ba mu da hujja.

Akwai kuma batun cuta, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Jikin biri mai ganga ya yi kusa da namu ƙwarai, har murar da za ta sa ɗayanmu atishawa ta kwana biyu tana iya kashe shi. A wancan daji na Tanzaniya, shan inna ta shiga cikinsu a 1966, ta kashe wasu ta naƙasa wasu. Shi ya sa a wuraren da ake kai baƙi kallon manyan birai ake hana matsawa kusa da mita bakwai zuwa goma, kuma mai tari ko mura ba ya shiga. Idan yaro ya tashi da mura ranar shiga kurmi, ya haƙura ya zauna a masauki. Haka kuma bayan gida: a tona rami nesa da rafi, a rufe.

Dorina kuwa, don Allah a ji tsoronta. Ganinta a ruwa tana hamma sai ka ce ragguwa ce. Da dare take fita kiwo, ta komo ruwa da asuba ta kan turbar da ta saba, kuma duk abin da ta tarar tsakaninta da ruwa ta ɗauke shi abokin gaba. A tudu ta fi mutum gudu. Kada a yi wanka ko alwala a inda ma'aikaci bai nuna ba, don inda babu dorina akwai kada. Ɓauna ma haka, musamman wadda ta keɓe ita kaɗai ko mai rauni. Wasu daga cikin waɗanda dabba ta raunata a irin waɗannan wurare a duniya, neman hoto ne ya kai su: mutum ya juya wa dabba baya, ya ɗaga waya, yana ja da baya yana murmushi.

Shara da wuta ba sai na daɗe a kansu ba. Ledar ruwa da muka cika kwatocin birni da ita, kada mu kai ta inda ba ta kai kanta ba. Duk abin da aka shiga da shi a fito da shi. Lokacin da muke shirin zuwa kuma lokacin hunturu ne, ciyawa ta bushe ƙayau, guntun taba ɗaya ko garwashin shayi da ba a kashe ba ya isa ya cinye gefen dutse.

Yanzu bari in zo ga abin da ya shafe mu ko da ba mu je ko'ina ba. A kan hanya, a tasha ko a bakin kasuwa, za a iya tare ku da ɗan biri a ɗaure da igiya, ko aku a keji, ko fatar wata dabba, a ce ku saya. Yaro mai tausayi zai ce a saya a cece shi. Kada a saya. Uwar biri ba ta ba da ɗanta da rai, duk ɗan da kuka gani a kasuwa an kashe uwarsa ne, wani lokaci har da waɗanda suka tsaya kare ta. Kuɗin da ka biya don ceton wannan shi ne jarin kamo na gaba. Bayan haka laifi ne a dokar ƙasa tun Doka ta 11 ta 1985, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016.

Mun saba idan ana maganar ƙarewar namun daji sai mu ɗora laifin a kan mafarauci da mutumin ƙauye. Ni ban yarda laifin ya tsaya a nan ba. Manomin da bika ya shiga gonarsa ya karya masarar shekara guda a yini ɗaya, yana da abin faɗa, kuma wanda bai taɓa kwana a gona yana gadi ba bai kamata ya yi saurin yanke masa hukunci ba. Mafarauci kuma ba ya ɗaukar kasadar shiga gandu don fatar da ba mai saye. Mai sayen yana birni. Ku tuna abin da ya sami madobiya. Cikin 'yan shekaru kafin 2017, manyan motoci suka yi ta kwasar gungumenta daga Taraba zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, ana kai wa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, har masu sara suka fara kutsawa gefen gandun. A taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwa da aka yi a Johannesburg a 2016, an sa madobiya cikin jerin abubuwan da sai da izini za a fitar, aka kuma haramta cinikin ɗankunya da aku na daji tsakanin ƙasashe gaba ɗaya. Duk da haka ɓawon ɗankunya ya ci gaba da bi ta ƙasar nan, har a 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan huɗu na wanda aka kama, a Abuja. Ku auna ƙanƙantar ɗankunya, dabbar da in ta ji tsoro sai ta dunƙule kawai, ku ƙiyasta nawa aka kashe kafin a tara tan huɗu.

Ba ma sai mun je Taraba ba. Iyayenmu malamai, ku da kuka riga mu sanin garin nan, yaushe rabonku da ganin ungulu a kwata? A da, ance, ba a yanka dabba a Kano ba tare da sun jeru a kan katanga suna jira ba. Mu mun tarar da ragowarsu muna yara. 'Ya'yanmu kuwa a karin magana kawai suke jin sunanta. A 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma akwai cinikin kanta da sassan jikinta don tsibbu. A kasuwanninmu ake wannan ciniki, da kuɗinmu. Ungulu ba ta da kyan gani, na yarda, amma ita ce ma'aikaciyar tsabta da ba ta taɓa neman albashi ba. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi.

Haka nan kurar da gardawa suke yawo da ita da takunkumi da sarƙa, mu taru muna tafi muna jefa kuɗi. Na san sana'a ce ta gado, ban kuma tsaya nan don in ci mutuncin kowa ba. Amma yaron da ya tashi bai san kura ba sai a haka, zai ɗauka dabba abin wasa ce da aka yi don ta ba shi dariya. Alhali kuwa addininmu ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Kuma harshenmu cike yake da namun dajin nan. Sarki in ya fito, da zaki da toron giwa ake yi masa kirari. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana, kura ce da dila da zomo. Tarihin Kano ya ce Barbushe, a gindin Dalar nan, giwa yake kashewa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Ko an yi ƙari a labarin, ya nuna akwai lokacin da giwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Kasuwar Kurmi ma, sunanta ya faɗi abin da ke wurin kafin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Wani zai ce, me ya sa za mu tsallake namu mu tafi Taraba? Tambaya ce mai kyau. Muna da Dajin Falgore a kan hanyar Jos, wajen Tudun Wada da Doguwa, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano. Ta cikinsa kogin yake ratsowa ya cika madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga nan ya gangaro har Tamburawa inda ake tace ruwan da ke zuwa famfunanmu, ranar da ya zo. Abin da Gashaka take ga Binuwai, shi Falgore yake ga Kano. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore yana ciki. Sai dai kowa ya san abin da ya sha na saran itace da gawayi da ɓarayin shanu. Dalilina na cewa a fara da Gashaka shi ne, yaron da bai taɓa ganin daji da ransa ba, ba zai gane abin da Falgore ya rasa ba. In ya ga wancan, ya dawo ya ratsa wannan, ba sai an yi masa lacca ba.

Saura mutanen wurin. A cikin gandun akwai ƙauyuka da rugage da doka ta bar su a inda suke, musamman Fulanin da ke kiwo a kan tuddai irin su Chappal Hendu. Su ma ba kayan kallo ba ne. A yi sallama, a gai da manya, kada a ɗauki hoton mace ko yaro sai an nemi izini. In za a sayi nono ko zuma ko a ɗauki ɗan dako, a biya da daraja, kada a kai musu cinikin Kantin Kwari. Ranar da mutumin Gashaka ya ga cewa birin da ke raye yana kawo masa baƙi masu sayen kayansa, ranar ce gandun ya sami mai gadi na gaskiya. Su kuma ma'aikatan gandun, waɗanda tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take taimaka wa hukuma wajen horar da su da ba su kayan aiki, suna kwana a daji makonni suna fuskantar masu bindiga, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ma'aikatan gwamnati ne kamar ni, sai dai ni fanka ce a kaina. A girmama su.

Mai girma shugaba, shawarata ga ƙungiya ita ce, kada a wuce ɗalibai goma sha biyar a tafiyar farko, da malamai biyu, ɗaya na labarin ƙasa ɗaya na ilmin halittu, da mutum uku daga cikinmu. Taro mai yawa ba ya ganin komai a daji sai ƙeyar juna. A zaɓi yaran ta hanyar rubutu, kowa ya rubuta shafi biyu a kan wata dabba ko tsuntsu da ya taɓa gani da idonsa a unguwarsu, ko da ƙadangare ne ko balbela, don a gane mai lura. A rubuta wa ofishin gandun a Serti tun da wuri, a nemi bayanin masauki da kuɗin shiga da halin tsaron hanya, kuma in suka ce a dakata, a dakata. A sami takardar amincewar iyaye. Kowane yaro ya zo da takalmi mai rufi, da rigar sanyi, da gidan sauro, da littafin rubutu, a kuma tanadi maganin zazzaɓi. Akwai likitoci biyu a cikin 'yan ajinmu, ina kallonsu, su ma suna kallona, ina fata ɗaya zai ba da kwana bakwai.

Na yi alkawarin rubuta wasiƙar da kaina in kai wa sakatare cikin makon nan, in ƙungiya ta amince. Waɗanda suke da niyyar ba da gudummawar mota ko mai, ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa.